Kada Ki Goge Hoton Da Ya Ƙi Buɗuwa

Yau ba maganar rigakafi ko zazzaɓin yara na zo miki da ita ba, duk da cewa nan ne na fi ƙwarewa. Maganar hoto ce, irin waɗanda suka cika wayar da ke hannunki yanzu. Na san za ki ce me ya haɗa nas da hoto. Ki ɗan ba ni aron hankalinki, domin saura ƙiris wata marainiya a danginmu ta girma ba ta san fuskar mahaifinta ba, kuma ba don babu hotonsa a duniya ba, sai don ba mu san yadda ake riƙon hoto ba.

Ina da ƙanwa, 'yar ƙanin mahaifina, da aka aurar a wani ƙauye da ke bakin daji a yankinmu na Birnin Gwari. Idan ba ki san wajen ba, muna yammacin jihar Kaduna ne, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya daga garin Kaduna in kin bi ta Buruku da Udawa. Kusa da mu akwai dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Muna yara, in an ambaci dajin nan labarin giwaye ake yi. Daga baya labarin ya koma na 'yan bindiga.

A daminar 2021 mijin ƙanwata ya fita gona bai dawo ba. Washegari aka samo gawarsa, an tafi da babur ɗinsa da wayarsa. Allah ya jiƙansa. Lokacin tana da cikin wata biyar. Suka taso zuwa cikin gari da abin da hannu zai iya ɗauka. A ƙarshen Satumban shekarar gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankinmu da wasu ƙananan hukumomi saboda aikin jami'an tsaro, ba a dawo da su ba sai ƙarshen Nuwamba. Cikin waɗannan watanni biyu 'yar tsohuwar wayarta ta mutu, ta ƙi tashi duk da ƙoƙarin masu gyara. Hotunan bikinsu, na gonarsa, na sallarsu ta farko, duk a ciki suke, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

Da sabis ya dawo, ƙanwar mijin ta turo mata abin da ta samu: sikirinshot na hoton da ya sa a fuskar WhatsApp ɗinsa. Shi kaɗai ya rage. Ta haifi 'ya mace a Disamba.

Yarinyar ta cika shekara uku ta fara tambaya, kamar yadda yara ke yi idan sun ga na maƙwabta suna rugawa tarbar babansu. Sai ƙanwata ta same ni wata rana na taso daga aikin dare, ta ce, "Yaya, ki sa a wanke mini hoton nan babba. Ba don in rataye a bango ba. Ina so ne in ta tambaya in sami abin nuna mata."

Tun bayan sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, hanyar Kaduna ta ɗan yi sauƙin bi. Na shiga Kaduna da hoton a wayata, na kai wa wani mai wanke hotuna. Ya buɗe shi a kwamfuta, ya faɗaɗa, ya juyo mini da fuskar kwamfutar bai ce komai ba. Hular tana nan, rigar tana nan. Fuskar kuwa ta zama wasu 'yan gidaje masu kusurwa huɗu, kamar an shafa laka. Ya ce, "Hajiya, in kin ce in wanke zan wanke, amma kuɗinki za ki zubar. Ina na asalin?"

Ban san akwai wani abu wai shi na asali ba. A ganina hoto hoto ne.

Ga abin da na koya daga ranar. Hoton waya tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi, ana ce musu fiksel. Kyamarar da aka ce tana da megafiksel 12 tana fitar da hoto mai ɗigo kusan 4,000 a tsawo da 3,000 a faɗi. Idan kika tura shi ta WhatsApp yadda muka saba turawa, manhajar takan rage shi zuwa wajen ɗigo 1,600 a tsawo, ta kuma matse shi don ya tafi da wuri. Hoton fuskar WhatsApp ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sikirinshot kuma ba ya ɗauko hoton kansa, abin da gilashin wayarki ya nuna kawai yake kamawa. To namu an rage shi da aka sa a fuskar WhatsApp, an yi masa sikirinshot, an yanke gefe, an sake turowa. A ƙaramin gilashin waya yana da kyau. A takarda babu abin gani.

Yawancin hotunanmu a tsarin JPEG suke, shi ne za ki ga .jpg a ƙarshen sunan hoton. Tun 1992 ake amfani da shi, kuma babu wayar da ba ta buɗe shi. Dabararsa ita ce zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba. Yana raba hoto gida-gida, kowane gida ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ya rage bayanin da ke ciki, ya fi kuma rage na launi, domin idonmu ya fi kula da haske da duhu. Waɗannan gidajen ne na gani a fuskar mijin ƙanwata. Matsar farko ba ta nunawa. Amma duk lokacin da aka buɗe hoton aka gyara aka sake ajiyewa, ko aka ɗora shi a Facebook wani ya sauke ya tura wani wuri, an sake matse shi ke nan. Ɗumamen farko da daɗi, na huɗu kuwa ke ma kin sani. Kwafa kaɗai ba ta rage komai: in kin tura ta Xender ko Bluetooth, ko kin zuba a fulash ko katin memori, hoton yana tafiya yadda yake.

Na dawo gida na gaya wa ƙanwata. Ba ta haƙura ba, ni ma ban ga laifinta ba. Wani yaron unguwa mai shagon cajin waya ya ce zai mayar mata da shi PNG, wai PNG ya fi inganci. Ya karɓi kuɗinsa ya yi. Hoton da bai kai kilobait 100 ba ya koma fiye da megabait ɗaya. Ta zo da murna ta ce, "Yaya, kin ga ya yi nauyi yanzu." Muka faɗaɗa, laka ɗin nan tana nan daram.

Yaron bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. PNG, wanda ya fito a 1996, ba ya zubar da komai idan yana ajiye hoto. Shi ya sa ya dace da duk abin da ke da rubutu da layuka masu kaifi: katin gayyatar biki, tambarin sana'arki ta turaren wuta ko kayan miya, musamman wanda ake so ba shi da launi a bayansa. Amma ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar. Kunun da aka tsinka da ruwa, ko a babbar ƙwarya kika juye shi ba zai yi kauri ba.

Abu na biyu da aka gwada shi ne ya fi tayar mini da hankali. Wata ƙawarta ta sa hoton a irin manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da ake cewa suna gyara tsohon hoto. Ya fito tas, fata sumul, ido yana sheƙi. Ƙanwata ta kalla ta daɗe, sannan ta ce, "Wannan ba shi ba ne." Marigayin yana da wushirya, yana da ɗan tabo a girarsa ta hagu tun yarinta. Manhajar ta haɗe haƙoran, ta share tabon, ta ɗan siranta hancin. Irin waɗannan manhajoji ba sa gano abin da ya ɓace, cikewa suke yi da abin da suka koya daga fuskokin wasu mutane. In don kwalliyar hoton biki ne, ba ni da ta cewa. Amma a nuna wa marainiya fuskar da na'ura ta ƙaga a ce ga babanki, wannan ban yarda ba.

Sai na koma kan tambayar mai wanke hoto. Wa ya ɗauki hoton tun farko? Ƙanwata ta tuna a ɗaurin auren wani abokinsa ne a Kaduna, kuma abokin ango ne ya ɗauka. Muka bi ta dangin mijin har muka sami lambarsa bayan mako biyu. Bawan Allah, ya yi ta'aziyya, ya ce ya canza waya sau biyu amma hotunansa suna biyo shi ta ma'ajiyar iCloud. Ya bincika ya samo, ya turo ta WhatsApp. Ya fi na da kyau sosai, har ana ganin wushiryar. Na roƙe shi ya sake turowa, amma wannan karon kada ya zaɓo shi a matsayin hoto, ya bi ta inda aka rubuta Document. Ta wannan hanyar WhatsApp ba ya taɓa fayil, yadda aka ba shi haka yake kaiwa.

Ya tura wa ƙanwata kai tsaye. Da sabis ɗinmu, sai da ta tashi da asuba kafin ya gama sauka. Ta taɓa, wayar ta ce ba za ta iya buɗewa ba. Ta sake taɓawa, haka. Wayarta kuma kullum tana kukan wuri ya cika. Da na shigo da yamma ta ce mini, "Wanda ya turo na biyun ya lalace, yanzu nake shirin goge shi." Na karɓe wayar daga hannunta. A ƙarshen sunan fayil ɗin an rubuta .heic.

Lafiyarsa ƙalau. Tun 2017 wayoyin iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda ke cin kusan rabin wurin da JPEG ke ci ba tare da hoton ya rage kyau ba. Wasu wayoyin Samsung ma suna da shi a saitin kyamara. Matsalar ita ce tsofaffin wayoyin Android da kwamfutoci da dama ba su san shi ba. In an turo shi a matsayin hoto, WhatsApp ne ke mayar da shi JPEG a hanya, shi ya sa ba mu taɓa lura ba. In an turo a Document, sai ya zo da rigarsa ta asali.

Kada ki yi abin da na fara yi, wato in goge .heic in rubuta .jpg. Wannan kamar rubuta sukari ne a gwangwanin gishiri. Sunan ya canza, abin ciki bai canza ba. Dole a juya shi da gaske. Mai iPhone ya fi kowa sauƙin yi: ya ajiye hoton a manhajar Files, ya danna shi ya riƙe, ya zaɓi Quick Actions, sannan Convert Image, ya zaɓi JPEG, a wajen girma kuma ya bar shi a Original. In kuma ke ce mai iPhone ɗin, kuma kin gaji da ƙorafin dangi, ki shiga Settings, Camera, Formats, ki zaɓi Most Compatible. Daga nan duk sabon hoto JPEG zai fito, sai dai zai fi cin wuri. Haka na kira abokin marigayin na bi da shi mataki-mataki, ya juya ya sake turowa a Document. Muka riƙe duka biyun.

Akwai shafukan intanet da yawa da ke juya hoto kyauta, suna kuma aiki. Amma ki san cewa hoton barin wayarki yake yi, ya je kwamfutar wasu mutanen da ba ki sani ba, a juya shi can a dawo miki da shi. Hoton atamfar da kike sayarwa, babu damuwa. Hotonki ba lulluɓi, ko na 'yarki budurwa, ko takardar NIN, ko sakamakon gwajin asibiti, ni dai ba na ɗora su. Gara in nemi manhajar da ke aiki ko data a kashe, in gwada ta a hakan, ko in je shagon kwamfuta in tsaya a kan mai aikin har ya gama ya goge a gabana.

Wani abu kuma da ya shafe mu mutanen bakin daji fiye da kowa. Hoton asali yana ɗauke da ɓoyayyen bayani: ranar da aka ɗauka, sa'a, irin wayar, kuma in an kunna wannan saitin, har ainihin wurin da aka tsaya. Da na duba na marigayin na ga rana da unguwar da aka ɗaura auren. Wannan ya yi wa ƙanwata daɗi, domin ta manta watan. Amma ki juya abin. Idan kin tura hoto yadda aka saba, WhatsApp yana cire wannan bayanin. Idan kin tura a Document, yana tafiya da shi. A yankin da ake tsoron infoma, hoton da kika ɗauka a tsakar gida, da buhunan masara a bayanki, yana iya nuna inda gidan yake. Document na wanda kika amince da shi ne. Ni na kashe alamar wuri a saitin kyamarata tuntuni.

Abin kunya, sai bayan duk wannan na gane ina yin kuskuren nan a wurin aiki shekara da shekaru. Idan aka kawo mai gyambon ƙafa na ciwon suga, ko yaro da ƙurajen da ba mu gane ba, mukan nemi izini mu ɗauki hoto mu tura wa likita a Kaduna ko Zariya ya ba mu shawara, musamman a shekarun da sai da rakiyar sojoji ake bin hanya. Sau da yawa amsar ita ce, "Sista, ba na gani sosai, sake ɗauka." Ina ɗora laifin a kan kyamara. Ashe matsewa ce ke cinye launin. Jan da ke gefen ciwo, wanda ke nuna ƙwayoyin cuta sun fara yaɗuwa, dama ba ya fita sosai a baƙar fata, kuma launi shi JPEG ya fi zubarwa. Yanzu a hasken rana nake ɗauka, in tura a Document. In sabis ya yi rauni sai in danna alamar HD da WhatsApp ya ƙara a 2023, wadda ba ta kai asali ba amma ta fi wancan. Ke ma in za ki tura wa wata ma'aikaciyar lafiya hoton ƙurjin yaronki, ki yi haka. Sai dai in yaro yana zazzaɓi mai zafi, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya canza, ki bar waya ki ɗauko shi.

Ba na cewa kowane hoto sai an tura shi da nauyinsa. Data kuɗi ce, kuma hoton girkin da kika yi da rana ba ya buƙatar megabait 3. Haka in shafin neman makaranta ya ce fasfo ya zama JPEG kuma kada ya wuce kilobait kaza, dole a rage. Ki rage kwafi, ki bar na asali. Hotunan ɗinki da kike saukewa daga intanet, wani lokaci ki ga .webp a ƙarshe, tsarin Google ne tun 2010, shi ne ma sitikar WhatsApp ke amfani da shi. In wayar telanki ta ƙi buɗewa, nan sikirinshot ya wadatar. Katin awo, katin rigakafi da takardar haihuwa kuwa na fi son a haɗa su a PDF, shafi bayan shafi a fayil ɗaya. Manhajar Google Drive tana da wurin ɗaukar takarda ta mayar da ita PDF. Matan da suka gudo daga ƙauyuka da dama sun zo mana babu kati, ba mu san allurar da aka yi wa yaro da wadda ba a yi ba.

Hotunan da ya kamata ki tsaya musu ba su da yawa. In kin zauna kin tace, wataƙila ba su wuce talatin ba: na iyayenki, na maigida, na kowane yaro yana jariri, na kakar da ta tsufa. Ki nemo na asalinsu daga wanda ya ɗauka tun yana da su. Asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma imel ɗinki da ajiyar WhatsApp duk a ciki suke ci, kuma wata biyun da muka yi babu sabis sun koya mini cewa abin da ke intanet kaɗai ba ya hannunki. Ki sa a katin memori ma, ki ba wata 'yar'uwa da ke wani gari kwafi, ki wanke mafi muhimmanci a takarda.

Na koma wurin mai wanke hoton da fulash. Ya buɗe, ya faɗaɗa har sai da girar hagu ta cika fuskar kwamfutar, tabon yana nan. Ya ce, "Yauwa Hajiya, yanzu kika zo da hoto." Ya yanke sauran mutanen da ke gefe a kan kwafi, ya wanke mini guda uku.

Ƙanwata ta sa nata a leda, ta ajiye a ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwanta. Ranar da ta nuna wa yarinyar ina wurin. Ta riƙe da hannu biyu ta kalla, ta sa yatsa a bakin hoton ta ce, "Haƙorinsa ya fita?" Uwar ta ce a'a, wushirya ce, haka Allah ya yi shi. Ta ce a ba ta madubi ta duba nata.

Na biyun yana wurina. Na ukun na mahaifiyarsa ne, wadda ta koma Funtuwa wurin babban ɗanta, kuma idonta ya fara rauni. Na sa an wanke nata ya fi sauran girma. In Allah ya kai mu hutuna na wata mai zuwa zan kai mata da kaina.